Haƙƙin Ɗalibi A Wuyan Hukumar Makaranta



Kullum abin da kuke ji a bakinmu shi ne haƙƙin malami a kan ɗalibi: ka gaishe shi, ka yi masa ladabi, kada ka ɗaga murya a gabansa. Wannan yana nan daram, ba mu janye ko harafi ɗaya ba. Amma yau za mu juya allon mu karanta ɗaya fuskar. Kai ɗalibi, mene ne naka a wuyan makaranta, da wuyan hukumar da ke riƙe da makarantar? Na lura da yawa daga cikin mutanenmu, nan Dogon Daji da ƙauyukan Tambuwal da na Kebbe, sun ɗauka duk abin da gwamnati ta yi wa makaranta alfarma ce, in an yi a gode, in ba a yi ba a yi haƙuri. To ba haka abin yake ba. Akwai abubuwan da doka ta ɗora wa hukuma ƙarara, sun zama bashi a kanta. Wanda kuwa ya biya bashi ba a ce ya yi kyauta.

Wa ke riƙe da makarantar?

Kafin ka bi bashi sai ka san gidan wanda kake bi. Ranar 30 ga Satumba 1999 shugaban ƙasa Olusegun Obasanjo ya zo nan Sakkwato ya ƙaddamar da shirin ilimin tushe na bai ɗaya, wanda kuka fi sani da UBE. A 2004 aka mai da shirin doka. Dokar ta ce kowace gwamnati a Nijeriya wajibi ne ta ba kowane yaro karatu na shekara tara kyauta kuma dole, watau shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Don aikin ya tafi sai aka yi masa matakala. A Abuja akwai hukumar UBEC. A kowace jiha akwai SUBEB, tamu tana birnin Sakkwato. A kowace ƙaramar hukuma kuma akwai hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, wadda sakataren ilimi ke shugabanta. Tambuwal na da tata, Kebbe na da tata. Ƙarƙashinta ne hedimasta yake, a gefen hedimasta kuma akwai kwamitin gudanar da makaranta na mutanen gari, SBMC, wanda ake sa iyaye maza da mata da masu unguwa da malamai a ciki.

Saboda haka in rufin ajinku ya yaye, ba Abuja za ku fara tunani ba. Ofishin sakataren ilimi shi ne ƙofar da ta fi kusa da ku.

Kuɗin fa? Doka ta ce gwamnatin tarayya ta ware aƙalla kashi 2 cikin 100 na babban asusun kuɗin shigarta don wannan aiki, amma jiha ba za ta ɗauki rabonta na gine-gine ba sai ta aje nata kwatankwacinsa. Nan ne ake yawan samun cikas, don an sha jin jihohi da dama sun bar rabonsu kwance a Abuja shekara da shekaru alhali yara na zaune a ƙasa.

Da aka ce kyauta, dokar ba ta bar kalmar a buɗe ba. Ta lissafa littattafai, da kayan koyarwa, da ajujuwa, da kujeru da tebura, har da abincin rana. Ta kuma ce duk wanda ya karɓi kuɗin makaranta a firamare ko ƙaramar sakandaren gwamnati ya yi laifi, ana iya cin shi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba, ko ɗaurin wata uku, ko duka biyun. Iyaye ma ba a bar su ba. Uban da ya ƙi kai ɗansa, karon farko a ja masa kunne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, in ya sake naira 5,000 ko wata biyu. Na san za ku yi dariya, don waɗannan kuɗi yau ko cefanen yini ba su isa ba. Amma ba yawan tarar ne abin dubawa ba, abin dubawa shi ne an kira abin laifi.

Da can lauyoyin gwamnati kan ce alkawarin ilimi da ke sashe na 18 na tsarin mulkin 1999 buri ne kawai, ba a kai ƙara a kansa. Kotun ECOWAS ta ƙi wannan magana a 2009, babbar kotun tarayya da ke Abuja ma a 2017 ta yanke cewa tun da an yi dokar 2004, karatun tushe kyauta ya zama haƙƙin da ake nema a gaban alƙali.

Wani zai ce, Malam, mu fa 'yan Islamiyya ne, kuɗin wata muke biya. Gaskiya ne, maganar kyauta ta makarantun gwamnati ce, kada wani ya je ya hana malamin allo kuɗin Laraba ya ce ni na faɗa. Amma yawancinku da safe kuna boko, da marece kuna nan. Sa'an nan sauran abubuwa uku da za mu duba yanzu babu makarantar da ta fita daga cikinsu, har da tamu.

Ba a ware kowa

Sashe na 42 na tsarin mulki ya hana hukuma ta bambanta ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa, ko garin da ya fito, ko addininsa, ko don shi namiji ne ko mace. Ya ƙara da cewa ba a tauye mutum saboda yanayin haihuwarsa. Ku tsaya a kan wannan na ƙarshe, don ya shafe mu ƙwarai. Ɗan maƙeri da ɗan mahauci da ɗan sarki, a rajistar aji layi ɗaya suke. Yaron da ake yi wa gorin asali a unguwa, ba malamin da ke da ikon ɗauko gorin nan ya shigo da shi aji. Ɗan Fulanin ruga yana da kujera, har ma tun 1989 aka kafa hukuma ta musamman don ilimin makiyaya. Yaran da tashin hankali ya koro iyayensu daga Zamfara ko gabashin Sakkwato suka sauka cikinmu, ba a ce musu ku ba 'yan nan ba ne.

Sashe na 38 kuma ya ce ba a tilasta wa ɗalibi darasin addinin da ba nasa ba, wanda iyayensa ba su yarda da shi ba. Da wannan sashe na 'yancin addini ne kotun ƙoli, a watan Yuni 2022, ta tabbatar wa 'yan mata Musulmi a makarantun gwamnatin Legas damar sa hijabi. To ku gane, inuwar da ta rufe 'yar'uwarku a Legas ita ce ta rufe ɗan Kirista da ubansa ke da shago a kasuwarmu. Ba a karɓi rabin doka a bar rabi.

Game da 'ya mace, ba sai na tsawaita ba a ƙasar da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru. Abu ɗaya zan ƙara. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce yarinyar da ta sami ciki kafin ta gama karatu a ba ta dama ta koma bayan ta haihu. Jiharmu ta yi tata dokar kare yara, wadda gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sa wa hannu a 2021, a birnin Sakkwato kuma akwai cibiyar ci gaba da karatu ta mata. Aure ba ya rufe littafi.

Amanar rai

Daga lokacin da yaro ya shiga ƙofar makaranta har ya fita, amana ne a hannun masu makarantar. Wannan magana a da tana da sauƙin faɗa, yanzu ta yi nauyi. Kun ji Chibok a 2014, 'yan mata 276. Kun ji Ƙanƙara a Disamba 2020 da Jangebe a Fabrairu 2021, da Birnin Yauri a Yunin 2021. Kada ku ce abin na 'yan boko ne. A Mayu 2021 makarantar Islamiyya aka shiga a Tegina ta jihar Neja da rana tsaka, aka kwashe yara fiye da 100, wasu ƙanana ƙwarai, suka yi kusan wata uku a daji, ba duka suka dawo ba. A Maris 2024 almajirai 15 aka ɗauke cikin dare a Gidan Bakuso, ƙaramar hukumar Gada, cikin jiharmu. A Nuwamba 2025 aka shiga sakandaren 'yan mata ta Maga a jihar Kebbi. Allah ya kiyaye gaba.

Nijeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da yarjejeniyar kare makarantu da aka yi a birnin Oslo a 2015, shugaba Muhammadu Buhari ya tabbatar da ita a 2019, a 2021 kuma aka fitar da manufar ƙasa a kan tsaron makarantu tare da mafi ƙarancin ma'aunin da kowace makaranta za ta cika. A nan sai ku bambanta abu biyu, doka da manufa. Doka ita ce wadda majalisa ta yi, mai karya ta ana kai shi kotu. Manufa alkawari ce da gwamnati ta rubuta da hannunta, ana tuna mata da ita, ana auna ta da ita. Da hukumar UNICEF ta auna a jihohi goma, rahotonta na 2024 ya nuna kashi 37 cikin 100 ne kawai na makarantu ke da hanyar samun gargaɗi tun kafin haɗari ya iso. Ka ga ke nan tsakanin takarda da ƙasa akwai tafiya.

To mene ne ma'aunin? Ba bindiga ake cewa a ba hedimasta ba. Ana so makaranta ta san wa ya shigo wa ya fita, ta riƙe rajistar yara da lambar wayar iyayensu, ta san wa za a kira in an ga baƙuwar fuska ko an ji labarin mahaya babura a daji kusa, yara kuma su san ina za su nufa in an buga ƙararrawa ba lokacinta ba. Wannan a gwada shi tun ana lafiya. Ranar tsoro ba a koyon hanya.

Sa'an nan ba ɗan bindiga kaɗai ke kashe ɗalibi ba. A Nuwamba 2021 wuta ta kama ajujuwan zana a wata firamare a Maraɗi, yara aƙalla 25 suka rasu, 'yan shekara biyar zuwa shida. Kafin nan, a Afrilun shekarar, irin haka ta faru a Yamai, yara 20. Ba kowa ya kai musu hari ba, zana ce da iska da ƙofa ɗaya. Ku dubi namu: bangon da damina ta ci gindinsa, rijiyar da ba murfi, masai da ya rufta, aji mai yara fiye da kima da taga ɗaya a watan bazara lokacin sanƙarau, da ƙananan yara masu tsallaka babban titin Sakkwato zuwa Jega ba babba tare da su. Duk wannan yana cikin tsaro, gyaransa kuma bai kai kuɗin katanga ba.

Akwai kuma haɗarin da ke cikin aji. Sashe na 34 na tsarin mulki ya hana azabtarwa da wulaƙanci ga kowane mutum, bai ce ban da yaro ba. Horo daban, rauni daban. Dukan da ya fasa jiki ko ya taɓa ido ko kunne ya fita daga tarbiyya. Haka nan duk babban da ya kira ki ko ya kira ka wani wuri ku kaɗai, ya taɓa inda bai kamata ba, ya ce kada a gaya wa kowa, to a ranar nan za a gaya wa Inna ko Baba. Laifin ba naki ba ne, ba naka ba ne, ko wane ne shi.

Yaron da ba ya gani, da wanda ba ya ji, da wanda ba ya tafiya

Nan nake so mu daɗe, don nan ne muka fi sakaci.

Shekarun baya na koyar da wani yaro da kullum yake can bayan aji, in an ce a kwafi abin da ke allo sai ya yi ta zane-zanen banza. An yi masa suna daƙiƙi, ni ma, Allah ya yafe mini, na taɓa kiransa haka. Wata rana na sa shi ya goge allo, sai na ga ya kai fuskarsa dab da rubutun yana karantawa tiryan-tiryan ba kuskure. Ashe yaron nan ba ya hangen nesa ne. Shekara uku yana shan bulala a kan abin da mazauni a layin gaba da tabarau za su gyara. Da na je wajen mahaifinsa ya ce mini, "Malam, mu dai mun ɗauka ƙwaƙwalwa ta ba shi da. Wa at tunanin ido?" Tun ranar, duk yaron da aka ce mini ba ya ganewa, sai na fara gwada idonsa da kunnensa kafin in yarda.

Wannan yaro ya yi sa'a yana cikin aji. Nawa ne ba su taɓa shiga ba? Gurgun da shan inna ya taɓa tun kafin a tabbatar da kawar da cutar daga Nijeriya a 2020, kurman da sanƙarau ko ƙyanda ya toshe wa kunne, makahon da aka riga aka yanka masa sanda da ƙoƙo tun yana ɗan shekara bakwai. Mun saba ganinsu a tasha da bakin masallaci har mun ɗauka can ne wurinsu. Alhali ku da kanku kun haddace Suratu Abasa, kun kuma san a kan wa ta sauka: makaho ne, Abdullahi ɗan Ummi Maktum, ya zo neman ilimi.

Dokar UBE ta ambaci naƙasassu da sunansu cikin waɗanda shirin ya ƙunsa, tare da almajirai da 'ya'yan makiyaya. Daga baya aka yi doka tasu ta kansu, dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairu 2019. Ku riƙe abin da ta ce. Mai naƙasa yana da haƙƙin karatu ba tare da an ware shi ba, kyauta har ƙarshen sakandare. Makarantun gwamnati su zama masu karɓar kowa, kowace ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da irin waɗannan yara, da kayan da suke bukata. A sa rubutun makafi da maganar hannu ta kurame cikin manhaja. Gine-ginen jama'a aka ba su shekara biyar su gyara hanyar shiga yadda keken guragu zai hau, wa'adin nan kuwa ya cika tun Janairu 2024. Wanda ya nuna wa mai naƙasa bambanci, in mutum ɗaya ne tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, in hukuma ce ko kamfani naira miliyan ɗaya. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da wannan doka.

A birnin Sakkwato akwai makaranta ta musamman ta Abdulrashid Adisa Raji, inda makafi da kurame ke karatu. Makaho yana karatu da yatsa, da rubutun ɗigo shida da wani makaho Bafaranshe, Louis Braille, ya ƙirƙiro, har Alƙur'ani akwai shi da wannan rubutu. Amma makaranta ɗaya a birni ba za ta ɗauke yaran ƙananan hukumomi 23 ba, ba kuma kowace uwa ce za ta iya rabuwa da ɗan shekara shida ta tura shi nesa ba. Shi ya sa doka ta ce makarantar unguwa ma ta buɗe ƙofa. A Amurka tun 1975 doka ta wajabta wa hukumar makarantun kowace gunduma ta nemo irin waɗannan yara da kanta, ta zauna da iyayen kowane ɗaya a rubuta masa tsarin karatunsa. Mu ba mu kai nan ba, amma hedimasta ba shi da ikon cewa "ba mu da wurin irinsa" ya sallame ku. In babu kayan aiki, aikinsa ne ya rubuta sunan yaron ya kai buƙatar gaba.

Da yawa daga cikin gyaran ma ba ya jiran Abuja. A mai da ajin gurgu ɗakin da ba matakala, ko a zuba ƙasa da siminti a yi gangara. Mai raunin ji ya zauna gaba, malam ya riƙa fuskantarsa in yana magana, kada ya yi bayani ya ba aji baya. Mai farfaɗiya ba a gudunsa, ciwon ba ya yaɗuwa ta miyau ko taɓawa. A kawar da abin da zai buge shi, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa komai a baki. Zabiya a ba shi inuwa da layin gaba, don rana na cutar fatarsa, idonsa kuma ba ya gani sosai. Ku kuma 'yan aji, sunan da uwarsa ta raɗa masa shi za ku kira, ba sunan ciwonsa ba.

In an tauye fa?

Hayaniya a bakin ofis ba ta cika haifar da komai ba. Baba ko Inna su fara ganin hedimasta cikin mutunci. In ba a gyara ba a kai wa kwamitin SBMC, a nemi a rubuta maganar cikin littafin taro. Daga nan sai takarda zuwa ga sakataren ilimi: kwanan wata, sunan makaranta, abin da ya faru, abin da ake nema, hannun iyaye ko da biyar ne. Da Hausa ma ta yi, in da Ajami aka rubuta a sami ɗan aji shida ya juya ta boko. A riƙe kwafi ɗaya a gida, a roƙi wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kai. In an ji shiru sai SUBEB. Bayan wannan akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da hukumar karɓar koke-koken jama'a, duka suna da ofis a Sakkwato, ba a kuma biyan kuɗi don kai musu kuka. Abin da ya shafi rauni ko lalata da yaro kuwa ba ya bin wannan dogon layi, asibiti ne da 'yan sanda tun ranar.

Aikin gida na wannan fitowa: kowa ya zaga unguwarsu ya ƙirga yara nawa ne ba sa zuwa kowace makaranta saboda ido ko kunne ko ƙafa ko wani ciwo. Adadi kawai za ku rubuto, ban da suna. Sa'an nan gobe in kun shiga aji ku duba ƙofa nawa gare shi, matakala nawa ake hawa kafin a shiga, ku kawo wa malamin ajinku ranar Asabar.